Yadda Ake Taimaka wa Ɗan Sakandare Ya Zaɓi Kwas Tun Kafin Ya Sayi Fom ɗin JAMB

Duk shekara akwai yaran da ke cin maki mai kyau a jarrabawar JAMB, wasu har sama da 250, amma a gama ɗaukar ɗalibai ba su samu gurbi ba. Idan ka tambayi iyayensu sai su ce ai rashin wani a sama ne. Wani lokaci da gaskiyarsu. Amma sau da yawa idan aka baje takardun yaron a kan tabarma, sai a ga matsalar a rubuce ƙarara: ya nemi injiniya bai rubuta Kemistiri ba, ko ta nemi aikin jinya tana da D7 a Fiziks, ko ya sa jami'ar da yake so a zaɓi na biyu alhali ita ba ta duba kowa sai wanda ya sa ta a na farko. Na'ura ce ta tace, ta ga bai cika sharaɗi ba, ta ajiye shi gefe, kuma ba za ta kira shi ta gaya masa dalili ba.

Neman gurbin jami'a a Najeriya abu uku ne da dole su dace da juna: darussan da yaro ya ci a jarrabawar kammala sakandare, darussa huɗun da ya rubuta a JAMB, da sharuɗɗan da jami'ar ta gindaya wa wannan kwas ɗin. Ɗaya ya kauce, yawan maki ba ya ceto. Yaro ɗan shekara 15 ba zai gano wannan shi kaɗai ba, balle idan shi ne na farko a gidansu da zai shiga jami'a. Aikin babba ne, ko malamin aji, ko yaya, ko kawu, ko uwa, ko maƙwabcin da ya riga ya bi hanyar. Idan kai ne wannan babban, ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Ka shiga maganar tun ana rabon azuzuwa

Mutane na ɗauka a SS3 ake zaɓen kwas. Rabin zaɓen an gama shi ranar da aka raba yara a SS1, aka ce ku ajin kimiyya, ku ajin at, ku ajin kasuwanci. Yaron da bai zauna ajin Fiziks da Kemistiri ba, an rufe masa ƙofar likitanci da injiniya da haɗa magunguna tun yana ɗan shekara 14. Wanda aka tura kimiyya ya bar Adabin Turanci da Gwamnati, shi kuma hanyar lauya ta yi masa nisa.

Kafin a raba, ka karɓi katin sakamakonsa na JS1 zuwa JS3, dukkansu, ba na zangon ƙarshe kaɗai ba. Kada ka tsaya kan na nawa ya zo a aji. Ka bi layin Lissafi, da na kimiyya, da na Turanci, zango bayan zango, ka ga wanne ne yake riƙewa ko da an canza malami. Sannan ka taka zuwa makarantar ka yi tambaya. Akwai malamin Fiziks? Ana buɗe ɗakin gwaje-gwaje cikin shekara, ko sai jarrabawa ta matso? Ana koyar da Adabin Turanci? Wannan ta ƙarshen kada ka raina ta, domin makarantu da dama a wurarenmu ba sa koyar da shi, sai yaro ya kai SS3 yana mafarkin zama lauya sannan a gaya masa jami'o'i da yawa ba sa ɗauka sai da shi.

Akwai kuma maganar da ya kamata mu daina yi a gaban yara, cewa ajin kimiyya na masu ƙwaƙwalwa ne, ajin at na waɗanda suka kasa. Wannan magana ta cusa yara masu baiwar harshe da rubutu da muhawara cikin ajin da suka shafe shekara uku suna wahala, suka fito da sakamakon da bai kai su ko'ina ba.

Idan yaron ya riga ya kai SS2 ko SS3, to da abin da ke hannunsa za a yi aiki. Darasi ɗaya da ya ɓace ana iya neman malami a gida, a rubuta shi a jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Darasi uku na kimiyya kuwa ba a haɗa su cikin wata shida.

Mataki na 2: Ka ji ta bakinsa, sannan ka nuna masa aikin da idonsa

Idan ka tambayi yaro me yake so ya zama, amsar da ya saba ji a gida zai maimaita maka: likita, lauya, injiniya, soja. Ka sauya tambayar. Wane darasi ne idan an buga ƙararrawa yake jin da ma a ƙara lokaci? Wanne yake karantawa ba sai an ce jarrabawa ta zo ba? Idan abu ya lalace a gida, shi ne mai kwance shi ya duba ciki, ko shi ne mai iya yi wa mai gyara bayani? Yana jure ganin jini da warin asibiti? Ka yi wannan hira ku biyu, ba a gaban mahaifinsa ba, kuma kada ka yi dariyar kowace amsa.

Daga nan ka kai shi ya gani. Yarinyar da ta ce aikin jinya take so, a nema mata wata ma'aikaciyar jinya cikin dangi ko unguwa, ta gaya mata yadda aikin dare yake, da abin da ake gani a ɗakin haihuwa. Mai son gine-gine a kai shi inda ake zuba kankaren bene, ya tsaya cikin rana ya ga injiniya yana auna rodi yana jayayya da birkila. Yini ɗaya irin wannan ya fi nasihar wata guda.

Sai maganar shekaru, wadda yara ba sa lissafawa. Likitanci shekara 6 ne, sai shekara guda ta horo a asibiti, sai bautar ƙasa. Likitan dabbobi ma shekara 6. Lauya shekara 5, sai kusan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda ke da hedikwata a Bwari da rassa da suka haɗa da na Bagauda a Kano da na Yola. Injiniya, da aikin gona, da digirin aikin jinya, shekara biyar-biyar ne. Yawancin sauran kwasa-kwasan shekara 4. Wannan fa idan babu yajin aiki, kuma mun ga na ƙungiyar ASUU a 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ka rubuta masa shekarunsa na yanzu, ka ƙara waɗannan a kai, ya ga shekarar da zai fara karɓar albashi. Idan yarinya ce, a yi maganar aure a fili tun yanzu, da ita da iyayenta. Muna matuƙar bukatar likitoci mata da ungozomomi a asibitocinmu, kuma abin takaici ne yarinya ta kai aji uku a likitanci sannan a tsayar da ita saboda maganar da aka ƙi yi tun farko.

Ka kuma warware masa sunayen da ke ruɗa mutane. Wanda ya karanta ilimin sassan jiki, ko na ƙananan ƙwayoyin halitta, ko Bayokemistiri, ba likita ba ne, ko da kuwa yana ɗaukar wasu darussa tare da ɗaliban likitanci. Kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, wadda ke ba da lasisin aikin gwajin jini da makamantansa, daban take da fasahar ɗakin gwaje-gwaje ta gama-gari, duk da sunayen sun yi kama. Kimiyyar siyasa ba ta kai mutum ga zama lauya. Kimiyyar kwamfuta kuma Lissafi ne tun daga ajin farko, ba iya sarrafa waya ko buga takardu ba.

Wurin da ya fi wuya shi ne inda uba ya riga ya yanke. Kada ka tunkare shi da gardama, kuma kada ka yi maganar a gaban yaron. Ka same shi bayan la'asar da takardu a hannu. Idan kai malami ne, ka ce: "Alhaji, Allah ya ƙara girma. Yaron nan yana da ƙoƙari, ba na so shekararsa ta tafi a banza. Ga abin da ake nema a likitanci, ga abin da yake samu a Kemistiri tun SS1. Ga kuma inda nake ganin zai yi fice." Idan kai ɗansa ne, ka fara da cewa shawara ka kawo, hukunci nasa ne. Yawancin iyaye ba kwas ɗin suke so don kansa ba, so suke ɗansu ya samu abin dogaro da mutunci. Idan ka nuna musu wata hanyar da ke kaiwa can, da sunan aikin da inda ake ɗauka, sukan saurara.

Mataki na 3: Takarda mai gida uku

Nan ne gundarin aikin. Ku fitar da kwas uku: wanda ya fi so, na kusa da shi, da na uku wanda ba a cika rububinsa ba. Ka samu falle biyu na tsakiyar littafin rubutu, ka ja layi ka raba gida uku. Gidan farko, darussan da ake nema a sakamakon sakandare. Na biyu, darussan JAMB. Na uku, sharaɗin musamman na jami'ar da ake so. Kowane kwas da layinsa.

Inda za a samo bayanin shi ne kundin JAMB na wannan shekarar, wanda ke shafinta na intanet a sashen da ake kira IBASS, kuma yana buɗewa a waya. Kada a dogara da kundin da yayansa ya yi amfani da shi shekara huɗu da suka wuce, ko saƙon da ke yawo a WhatsApp. Sharuɗɗa suna canzawa. Ka bar yaron ya rubuta da hannunsa, kai kana dubawa, domin abin da ya rubuta da kansa ba zai bari wani ya canza masa a wurin rajista ba.

Jarrabawar JAMB, wadda ake kira UTME, darasi huɗu ce, Turanci dole ne ga kowa, kowane darasi maki 100, jimla 400. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran ukun 40 kowanne, kuma tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta. Darussa ukun da ake haɗawa da Turanci, ga yadda suka saba kasancewa:

Likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya, gwaje-gwajen asibiti: Fiziks, Kemistiri, Bayoloji.

Injiniya: Lissafi, Fiziks, Kemistiri.

Kimiyyar kwamfuta: Lissafi, Fiziks, da ɗaya daga cikin irin su Kemistiri ko Bayoloji.

Akanta da tattalin arziki: Lissafi, Ikonomiks, da wani darasi guda da kundin ya lissafa.

Lauya da aikin jarida: darussa uku na at ko na zamantakewa, kuma a wurare da yawa har da Adabin Turanci.

Ka lura da tarkon da ke nan. Yaron da ya rubuta Fiziks, Kemistiri da Bayoloji don likitanci, idan makinsa bai kai ba, ba zai iya komawa injiniya ko kwamfuta ba, saboda bai rubuta Lissafi ba. Zai iya komawa kwasa-kwasan lafiya da na kimiyyar halittu da wasu na noma. Wanda ya rubuta Lissafi, Fiziks da Kemistiri shi kuma an rufe masa ɓangaren asibiti. Bayan jarrabawa ana iya canza kwas da makaranta, amma darussan da aka riga aka rubuta sun zauna. Saboda haka kwasa-kwasan nan uku na kan takarda ya zama darussan JAMB iri ɗaya suke ci. Idan ba haka ba, na biyu da na uku ado ne kawai.

Gida na uku shi aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kayar da yara. A kundin, gefen kowane kwas akwai bayanin abin da kowace jami'a ta ƙara ko ta sassauta, da gajerun sunayen jami'o'in. Wata za ta ce likitanci sai kiredit biyar a zama ɗaya, wato a jarrabawa guda. Wata ta ce kwamfuta sai da Kemistiri. Wata ta karɓi darasin Aikin Gona a madadin Bayoloji a kwas ɗin noma, amma ba a likitanci ba. Jami'o'in da ke koyar da shari'ar Musulunci tare da dokar ƙasa, kamar Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, suna da nasu bayanin kan Larabci da darasin Addinin Musulunci. Ku nemi sunan jami'arku ku karanta layinta har ƙarshe, sannan ku gwada da sanarwar da ke shafin ita jami'ar.

Mataki na 4: Ka ɗora sakamakon sakandare a kan takardar

Kiredit shi ne daga A1 zuwa C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne, ko da sau nawa aka rubuta "ya wuce" a gefensu. Abin da ake nema kiredit biyar ne cikin darussan da suka shafi kwas ɗin, har da Turanci, a zaman da bai wuce biyu ba. Yaro zai iya zuwa da kiredit takwas a ƙi shi, idan wanda ya rasa shi ne Fiziks kuma injiniya ya nema. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa kiredit a Lissafi dole ne ga masu neman kimiyya da fasaha da kwasa-kwasan zamantakewa, ta sassauta wa masu neman ɓangaren at. Ni dai shawarata ɗan ajin at ma ya dage ya samo shi, domin zai iya son komawa wani kwas ɗin da ke nemansa.

Ana karɓar WAEC da NECO da NABTEB, da kuma sakamakon NBAIS na ɗaliban makarantun Larabci da ilimin addinin Musulunci, kuma ana iya haɗa biyu a matsayin zama biyu inda jami'a ta yarda. Idan akwai hali, yaro ya rubuta WAEC da NECO duka a shekararsa ta ƙarshe.

Ka duba suna da ranar haihuwa tun kafin makaranta ta tura sunaye. Muhammad a katin NIN, Mohammed a WAEC, sunan uba a gaba a nan, a baya a can: wannan ƙaramin abu yana jawo zirga-zirgar kotu da ofis-ofis daga baya. Haka shekaru. A taron tsara ka'idojin ɗaukar ɗalibai na 2025, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya tabbatar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga manyan makarantu.

Mataki na 5: Zaɓen makaranta

Kowace shekara ana sanar da mafi ƙarancin makin shiga. A 2025 an sa 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi. Yara da yawa na jin wannan su ɗauka da 160 an gama. Wannan ƙasan ƙasa ne kawai. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe kuma yana da nasa, kuma na likitanci da lauya da haɗa magunguna da jinya yana can sama, saboda hukumomin waɗannan sana'o'i suna ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka. Hukumar kula da likitoci ta MDCN ce ke yanke wa tsangayar likitanci kasonta, Majalisar Ilimin Shari'a ta yanke wa ta lauya. Dubbai na nema, kujerun kuwa ƙididdigaggu ne. Ka kuma sanar da yaro yadda fagen yake: a 2025, cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka rubuta UTME, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba a sakamakon da aka fara fitarwa.

Jami'o'in tarayya na raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, waɗanda suka haɗa da Kano, Jigawa, Katsina, Sakkwato, Zamfara, Kebbi, Bauchi, Yobe da Borno. Ma'anar wannan ga yaronmu ita ce, jami'ar da ke yankinsa tana ba shi ƙofa fiye da ɗaya, ta nesa kuwa takan rage masa. Jami'o'in jihohi su kuma suna fifita 'yan asalin jiha, don haka a tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma da wuri.

Kowa na son Zariya da Bayero da Sakkwato da Maiduguri, kuma da dalili, tsofaffi ne masu asibitocin koyarwa da ɗimbin malamai. Amma cunkoson can ya fi yawa. Akwai jami'o'in tarayya da aka kafa daga baya, Dutse da Dutsin-Ma da Kashere a 2011, Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa a 2013, ga ta kimiyyar lafiya a Azare, ga na jihohi kamar ta Aliko Ɗangote a Wudil da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Yaro mai matsakaicin ƙoƙari ya fi dacewa ya sa inda zai samu a zaɓin farko, da ya sa babban suna ya zauna gida shekara guda. Zaɓin farko shi ne zaɓi. Jami'o'in da ake rububi ba sa waiwayar wanda ya sa su na biyu.

Kafin a tsayar da magana, a tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'a, haka ma hukumar sana'ar: COREN ga injiniya, MDCN ga likitanci, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ga jinya. Wanda ya gama kwas ɗin da ba a amince da shi ba yana iya rasa lasisi. Sannan a yi lissafin kuɗi da gaske, rajista da ɗaki da abinci da mota, sau adadin shekarun. Akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu kuɗin ruwa a kansa, kuma biyansa na farawa ne shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne dai, a san da haka kafin a karɓa.

Mataki na 6: Ranar rajista, ka bi shi

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Ana tura kalmar NIN da lambobi 11 ɗin zuwa 55019 ko 66019, a karɓi lambar buɗe rajista. Layin wayar da aka yi amfani da shi ya zama na yaron ne shi kaɗai, wanda ba a taɓa yi wa wani rajista da shi ba, kuma a adana shi har ya gama jami'a. Kada a yi da layin mai shagon kwamfuta ko na abokin da zai bar gari. Adireshin imel da kalmar sirri a rubuta su a bayan takardar nan mai gida uku.

A cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai ake rajista. Za ka tarar da layi tun daga bakin ƙofa, zafi, ma'aikaci guda ya yi wa mutum hamsin tun safe, idonsa na kan allon kwamfuta yana tambaya da sauri: wane kwas, wace makaranta, waɗanne darussa. Yaron da ya zo hannu rabbana, a nan ne yake cewa "duk wanda ya dace," sai a danna masa abin da aka danna wa na gabansa. Naku ya miƙa takardarsa. Kafin ya ɗora yatsa a tura, ku karanta allon tare, suna, ranar haihuwa, jiha da ƙaramar hukuma, kwas, makaranta, darussa huɗu. Masu layi za su yi gunaguni, ka ba su haƙuri ka gama karantawa. Idan bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya yi rajistar jarrabawar gwaji.

Mataki na 7: Bayan sakamako ya fito

Ku sake zama da takardar. Idan makin ya yi nesa da abin da kwas ɗin farko ke ci, kada a tsaya jiran sa'a, a je cibiya a canza zuwa na biyu ko na uku tun kafin jami'a ta rufe rajistar tantancewarta ta Post-UTME. Wasu jami'o'in jarrabawa suke yi, wasu takardu kaɗai suke dubawa su ba kowane kiredit maki, inda B2 ta fi C6 nauyi. Wanda bai yi wannan rajista ba, ya cire kansa da kansa.

Wanda ya yi JAMB yana jiran sakamakon sakandare, da zarar ya fito dole ya koma cibiya a ɗora shi a shafinsa na JAMB. Ɗora shi a shafin jami'a kaɗai bai wadatar ba, kuma yara masu maki mai kyau na rasa gurbi a kan wannan.

Tun 2017 duk gurbin karatu ta manhajar JAMB ta ɗaukar ɗalibai, wato CAPS, yake fitowa. Yaro ya riƙa shiga yana dubawa, idan an ba shi ya danna amincewa cikin lokaci ya fitar da takardarsa. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi ta bayan fage, a guje shi, domin gurbin da bai bi ta CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma matsalar kan fito ne a ƙarshe, lokacin tura sunaye bautar ƙasa.

Wani lokaci jami'a kan miƙo wani kwas daban da wanda aka nema. A nan a yi tunani sosai. Kada ya karɓa da niyyar "zan koma likitanci a aji biyu," domin wannan sauyi sai mai sakamako na ƙoli, kuma sai akwai kujera, wadda sau da yawa babu. Tambayar ita ce, idan a wannan kwas ɗin zai ƙare, ya yarda? Idan ya yarda ya karɓa ya riƙe da kyau.

Mataki na 8: Idan bana ba ta yiwu ba

Kada ya zauna gida yana jiran JAMB ta baɗi kawai. Idan kiredit ne ya gaza, a gyara shi a jarrabawar ƙarshen shekara. Idan maki ne, akwai hanyoyin da ke shigar da mutum jami'a kai tsaye a aji biyu. Akwai IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, karatun kusan shekara guda a darasi uku. Akwai difloma ta ND a foliteknik, shekara 2, wadda mai ita zai iya yin shekarar koyon aiki ya ci gaba da HND ya tafi bautar ƙasa, ko ya nemi jami'a. Akwai NCE a kwalejin ilimi, shekara 3, mai ba da shaidar koyarwa. Mai son asibiti kuma ga kwalejojin aikin jinya da ungozoma da na kimiyyar lafiya, waɗanda ke fitar da mutum da sana'a a hannu.

A nan ma sai an koma kundin. Darussa ukun IJMB dole su dace da kwas ɗin da ake hari, kuma a tabbatar cibiyar tana cikin jerin waɗanda aka amince da su kafin a biya ko sisi. Ba kowace difloma ce kowace jami'a ke karɓa ba, kuma akan nemi matakin sakamako na musamman. Shiga aji biyu ba ya yafe kiredit biyar ɗin sakandare, kuma shi ma sai an sayi fom ɗinsa na shiga kai tsaye, wato DE, a wurin JAMB, an sa jami'ar a zaɓin farko, an jira gurbin ya fito ta CAPS.